RAM Ɗin da Sabo Ya Zaɓa

Wani ɗan guruf ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci, ban da zagi.

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin, don girman Allah kar sunana ya fito, Gumel ƙaramin gari ne, kowa ya san shagon kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba, don wallahi ni kaina na fara jin tsoron zuciyata.

Sana'ata gyaran kwamfuta da ɗaukar bidiyon biki, in ɗauka in tace in ba mutane abinsu. Ina da amini, bari in kira shi Sabo, ba sunansa ba ne. Ɗan Gagarawa Tasha ne, tare muka yi sakandare, benci ɗaya muke zama, shi ne babban abokin ango ranar aurena. Da can gyaran waya yake yi, ni na jawo shi harkar kwamfuta, ni na fara nuna masa yadda ake shiga BIOS, wato shafin nan da ake saita injin a cikinsa kafin Windows ta tashi. Allah Ya buɗa masa, ya kama shago a Maigatari, na yi murna tsakani da Allah, har fenti na taya shi yi.

Bara da damina muka je Kano tare, kowa zai haɗa sabuwar kwamfutar tebur ta aikin bidiyo. Komai iri ɗaya muka saya, har RAM, kwali biyu, kamfani ɗaya, rubutu ɗaya a jiki, 3200 CL16. A cikin mota muna dawowa na fito da su daga leda na ce masa, mutumina zaɓi ɗaya. Ko kallo bai yi ba, yana cin gyaɗa ya miƙo hannu ya ɗauka. Wannan miƙo hannun shi ne har yau na kasa mantawa.

Ga wanda bai san harkar ba, RAM shi ne inda kwamfuta take baza aikin da take yi a lokacin, kuma akwai wasu lambobi a BIOS da suke faɗa masa tsawon jiran da zai yi kafin ya ba da amsa in an nemi abu a wurinsa, wadda aka fi sani a cikinsu ita ce CL. In ka rage lambobin, amsa tana zuwa da sauri, jinkiri ya ragu. In kuma ka rage fiye da ƙarfinsa, sai kwamfuta ta ƙi tashi, dole ka buɗe ta ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, komai ya koma farko. Abin da ba sa rubutawa a kwali shi ne, ko kwalin iri ɗaya ne, ƙwayoyin da ke ciki ba ƙarfinsu ɗaya ba, wani ya jure matsi, wani ya ƙi. Rabo ne kawai.

To nawa dai ya ƙi. Na ɗaga gudunsa daga 3200 zuwa 3400 da ƙyar, in na taɓa CL kuwa sai baƙin sikirin ya gaishe ni. Makonni na yi ina fama, na ƙara masa wuta, na rage, na sauya masa ramin da ake soka shi, na cire batirin nan har farcena ya karye. Shi kuwa Sabo, wanda ni na koya masa ma'anar CL ɗin, ya zauna da rana ɗaya ya sa 3600 CL14, kwamfuta ta tashi lafiya lau kamar da ma can haka aka haife ta. Ya kira ni yana dariya, wai Oga ashe abin ba wuya. Na ce masa Allah Ya sanya alheri, amma da na ajiye waya abincin da ke gabana ban iya ƙarasa shi ba.

Muna da wani ɗan guruf na WhatsApp, mu masu taɓa kwamfuta na Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, a nan kowa yake tura hoton sakamakon injinsa. Sabo ya tura nasa, jinkirinsa ya sauko hamsin da ɗoriya, nawa yana can sama da sittin ya kafe. Tun daga ranar sunansa ya koma Injiniya. Mutanen da ni suke kira in kwamfutarsu ta yi nauyi, yanzu sai in ga sun rubuta, Injiniya Sabo me kake gani? In na ba da amsa a wuce ta kamar ba a gani ba, in shi ya maimaita abin da na faɗa sai a yi ta tura masa alamar wuta. Kuma jama'a, a aikin gaske bambancin nan bai taka kara ya karya ba, in muka fitar da bidiyo iri ɗaya, kafin ka ɗaga kofin shayi ka kurɓa nawa ma ya gama. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Lamba suke gani.

Abin bai isa ba sai da ya taɓa mini Alhaji. Wani dillalin shanu ne a Maigatari, shekara da shekaru duk wani suna ko walima ta gidansa ni nake ɗauka, yaran gidan Kawu suke ce mini. Zai aurar da 'yarsa ta fari, ina zaune ina jiran kira, sai a bakin mutane na ji an ba Sabo aikin, wai 'ya'yan Alhaji ne suka ce injinsa ya fi na kowa gudu a yankin nan. Ban ga laifin Alhaji ba, mutumin da ko kunna kwamfuta bai iya ba. Amma Sabo fa? Ko ya kira ni ya ce mutumina ga abin da ake ciki, bai yi ba.

Na yi abin da bai kamata ba, na same shi na ce mu yi musanyen RAM, tunda ai ni na fito da su daga leda, da na ga dama da ni na fara ɗauka. Ya ce haba Oga, kai fa ka ce in zaɓa. Na ce ai ban san haka abin yake ba. Ya ce shi ma bai sani ba, Allah ne Ya ba shi. Magana ta yi zafi, na tuna masa wanda ya koya masa aikin, ya ce bai manta ba amma koyarwa ba ta sa mutum ya zama bawa. Muka rabu ba daɗi. Da na koma gida na ba matata labari, ina jiran ta taya ni jin haushi, sai ta ce, Abban Hanifa, yanzu a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon cokali ba za ka rabu da mutumin da ya kwana uku a asibiti lokacin da ka yi hatsarin babur? Ficewa na yi.

Daga baya mun shirya sama-sama. Wata Alhamis, lokacin sanyi bai gama tafiya ba, na je kasuwar Maigatari na leƙa shagonsa. Ya yi murna, ya sayo mini lemo, ya buɗe BIOS yana nuna mini saitinsa ɗaya bayan ɗaya. A nan idona ya faɗa kan wata lamba da ake kira tREFI, ya ɗaga ta har ƙarshe. RAM kamar randa ce mai yoyo, abin da ke cikinsa yana zurarewa a hankali, sai ana yi ana sabunta shi, ita wannan lambar ita ce tazarar da ke tsakanin sabuntawa da sabuntawa. In ka ja tazarar ta yi tsawo, gudu yana ƙaruwa, lambarka ta yi kyau a hoto. Amma in RAM ya ɗau zafi yoyon yana ƙaruwa, sai abu ya zube kafin a zo sabunta shi. Ga shi ya ƙara masa wuta, ba fanka a kansa, shagon kuma rufin kwano ne, ku da kuka san zafin Maigatari kun san me nake nufi. Duk gwajin da ya yi da damina da sanyi ya yi shi, shi ma na ɗan lokaci.

Na ce masa, ka yi gwaji mai tsawo kuwa? Akwai samari a shagon suna jiran a tura musu fim. Ya kalle ni ya yi murmushi ya ce, Oga, har yanzu abin nan bai wuce ba? Samarin suka tuntsire da dariya. Na haɗiye sauran maganata da lemon, na ce a raina, to Injiniya, zafi na nan tafe.

Ga inda matsalar take. Irin wannan kuskuren ba kullum yake kashe kwamfuta ba, wani lokaci a ɓoye yake ɓarna, ka kwafi bidiyo daga memori zuwa cikin inji, ya nuna maka ya gama lafiya, sai ka zo buɗewa ka tarar wani wuri ya farfashe ko fayil ɗin ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Kuma na san yadda Sabo yake aiki, don a wurina ya gani. Memori biyu gare shi, in ya ɗauki kamu sai ya ruga shago da tsakar rana ya juye, ya goge memorin, ya koma ya ɗauki na gaba. In abin ya lalace a wurin juyewa, shi kenan, ba mai sake ɗaura aure don kyamara. Alhaji kuwa mutum ne mai faɗa a ji, in ya ce yaron nan ya ɓata masa bikin 'ya, Sabo ya gama aikin bidiyo a Maigatari.

Yanzu zafi ya shigo sosai. Jiya bayan azahar sai ga kiran Sabo, muryarsa a sanyaye, ba Injiniya ba ne ke magana, Sabon da na sani ne na benci ɗaya. Ya ce manhajar tace bidiyo ta rufe kanta sau biyu yana cikin aiki, bai taɓa ganin haka ba, ga bikin gidan Alhaji ranar Asabar, kuma bai son ya tambaya a guruf a yi masa dariya, shi ya sa ya kira ni, don ni kaɗai ne zai iya faɗa wa. Ya ce, Oga me kake gani?

Jama'a, amsar tana kan harshena. Ya sauke lambar nan, ya rage wuta, ya ɗaura ƙaramar fanka, aikin da bai fi a sha ruwa ba. Amma sai na tuna ko ya sauke ta, nasa zai ci gaba da fin nawa, kuma zai ci gaba da zama Injiniya, ba wanda zai san ni na cece shi. Sai na ji bakina ya ce, wataƙila bairos ne, ka sake sa Windows. Ya yi ta godiya, har da Allah Ya bar zumunci. Yanzu haka da nake rubutun nan na san yana can cikin zafin kwanon nan yana sake Windows, aikin da ba zai gyara komai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da na kashe wayar, daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji, sai daga baya kunya ta zo.

To yanzu ya zan yi? In na kira shi na faɗi gaskiya, Sabo ba wawa ba ne, zai tuna ranar da na tsaya ina kallon BIOS ɗinsa, zai gane na sani tun tuni, kuma jiya da gangan na tura shi wata hanya. Ban san ko amincinmu zai ɗauki wannan ba. In na sa wani ya faɗa masa, na tsira da mutuncina, amma zan ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da shi da wannan abin a cikina. In kuma na yi shiru, wataƙila ba abin da zai faru, wataƙila kuma ya rasa komai, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani ɓangare na zuciyata da har yanzu yake so ya ga hakan.

Don Allah wanda ya taɓa jin irin wannan a kan amininsa ya gaya mini yadda ya yi da ransa. In kira shi ne, ko in hau mota in je da kaina? In na je, da wace kalma zan fara? Yau Laraba, kuma ɗazu ya turo mini saƙo wai in ba ni da aiki ranar Asabar in zo in riƙe masa kyamara ta biyu, don ba wanda ya yarda da shi kamar ni.