Robar bangona ta kumbura, ni kuma na ji daɗi

Malam mai wannan fili, ka taimake ni da shawara. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tsibiri, matata Priskila ta rasu shekara huɗu ke nan. Gidana na ƙasa ne. A da, kafin kowace damina, abokaina Hamidu da Idirisa sukan zo daga Jiratawa da amalanken jar ƙasa mu yi yaɓe, mu ci tuwo, mu yi gardama har la'asar. Bara waccan ɗana Titus, da ke aiki a Yamai, ya turo ma'aikata suka manna wa bangon waje wata baƙar roba mai hana ruwa, wai don in huta. To, na huta. Ba yaɓe, ba mai zuwa. Wata rana nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji.

Makon jiya na ga robar ta kumbura a gindin bangon gabas, in na danna sai in ji laushi. Kunya nake ji, amma daɗi na ji. Ban gaya wa Titus ba. So nake ta lalace a koma yaɓe. A jikin bangon nan gadona yake. In yi shiru?

Tsohon malami, Tsibiri

Amsa: Baba, kada ka yi shiru. Kumburin nan alama ce ruwa ya shiga bayan robar, wataƙila ta bakinta na sama ko ta indararo, ya rasa hanyar fita. Bangon ƙasa da ya jiƙe a ɓoye ba ya sallama kafin ya faɗi. Ka janye gadonka yau. Ka kira magini cikin makon nan ya yanke wurin, a bar shi ya bushe sarai, a gyara inda ruwan ke shiga, sannan a rufe.

Titus bai yi laifi ba. Bangon ya gani, bai ga wunin da kake yi kai kaɗai ba, don ba ka taɓa gaya masa ba. Ka gaya masa duka biyun. Kai ma daɗin da ka ji ba mugunta ba ne, kewa ce.

Amma a wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taka Jiratawa ba. Mai yiwuwa su Hamidu suna can suna zaton ka daina bukatarsu. Shekara da shekaru su ne ke zuwa wurinka. Bana kai ne da zuwa, kuma ba sai da dalili ba.

Allah ya ƙara lafiya, ya kai ka ka same su lafiya.