Zan Saka Katin Kafin Maigida Ya Dawo

Injiniya, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ni matar aure ce, ina koyon zanen gine-gine a kwamfuta, kuma na rantse sai na iya. Kwamfutar ta maigidana ce, irin ta kan tebur, tana kusurwar falo kusa da keken ɗinkina. Tsohuwa muke ce mata. Duk aikinsa na fassara yana cikinta. Shi da yake rubutu kawai yake yi lafiya lau suke, amma ni da na juya zanen bene sai ta tsaya tana nishi, har in wanke kwanuka in dawo ba ta gama ba.

Malaminmu ya ce katin girafik take buƙata, wato abin da ke sarrafa hoto. Na saya. Kwalin ya ce a haɗa shi da fawa saflai, wato abin da ke raba wa kwamfuta wuta, mai ƙarfin wat 500, namu kuwa da na haska da tocila sai na ga wat 300 ne. Maigida ya ce kada in kuskura in saka katin. Abin ya yi min ciwo, don a ganina ba wutar ce damuwarsa ba, karatun nawa ya raina. Katin yana son filogi mai ido shida, Tsohuwa ba ta da shi, sai mai shagon da ya sayar min ya ba ni 'yar wayar joni da za ta haɗa su ya ce shi ke nan. Yanzu maigida ya yi tafiya, sukudireba tana hannuna. In saka?

Mai Zanen Bene

Ƙanwata Mai Zanen Bene, ajiye sukudirebar tukuna. Himmarki ta burge ni, kuma malaminku bai yi kuskure ba. Amma a wannan karon maigida ne da gaskiya. Wayar joni ba ta ƙara wuta, hanya kawai take buɗewa, kamar a ƙara wa ƙaramin tanki famfo. Kwamfutar za ta iya tashi ki yi murna, sai kin juya benen nan katin ya ja wuta sosai ta ɗauke ɗif. In aka yi rashin sa'a fawa saflai ɗin ya ƙone, yana iya tafiya da fassarar bawan Allah.

Ki kai ta wurin mai gyara ya duba ko akwatinta zai karɓi ingantaccen fawa saflai mai wat 500. In ba zai karɓa ba, ki musanya katin da ƙarami wanda ba ya neman filogi. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a kwafe aikinsa a wani wuri.

Maganar raini kuwa, ban san zuciyarsa ba, ke ma zato kike yi. Ki kira shi yau, ki faɗa masa katin zai shiga, amma ta hanyar da ba za ta taɓa aikinsa ba. Daga amsarsa za ki gane wutar yake tsoro ko karatun naki, abin da sakawa a ɓoye ba zai taɓa nuna miki ba. Allah Ya ba ki sa'a, Ya bar ku tare.