Ba Hannunki Ba Ne, Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Sa'adatu mai turara shinkafa.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa na gama jami'a, kuma an ɗauke ni karatun digiri na biyu a fannin tattalin arzikin ƙasa. Sai da na tabbatar sunana ne, ba na wata Rukayya ba, kafin na faɗa wa kowa. Kin san halina.

Yaya Sani bai so ba. Ya samo mini aikin ofis a injin gyaran shinkafa na bakin titin Kura, ya ce gida na bukatar hannu, karatu kuma ya isa haka. Bai yi ƙarya ba, Umma. Tun rasuwarki shi ke ɗauke da mu.

Amma ina tuna shekararki ta ƙarshe. Da aka yi girbin rani kika sayi shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, kamar yadda kika saba, kika jibge a ɗakin baya, ki jira ta yi daraja sannan ki turara ki kai kasuwa. Haka mahaifiyarki ta yi, haka matan layinmu suke yi, kuma ba ta taɓa ba ku kunya ba.

A shekarar sai farashi ya yi ƙasa.

Kika ce laifinki ne. Kika canja tukunya, kika rage wuta, kika riƙa tsince shanya har bayanki ya ƙage. Kullum kina murza ƙwayar a tafinki kina cewa, "Hannuna ne ya tsufa." Da wannan zaton kika kwanta ciwo.

Umma, na bincika, ban tsaya ga jita-jita ba. A lokacin an sassauta harajin shigo da abinci daga waje don mutanen birni su samu sauƙi. Taki da man injin ban-ruwa kuwa sun riga sun tashi, saboda cire tallafi da faɗuwar naira. Ba zan ce an yi don a cuce ki ba. Masu saye ma suna cikin wahala. Amma shawarar da aka yanke a Abuja ta iso ɗakin bayanmu, kuma babu wanda ya gaya miki tana tafe.

Abin da zan karanta ke nan: yadda gwamnati ke taɓa haraji, kuɗin ruwa da canjin kuɗi, da kuma wanda abin ke faɗa wa.

Ina jin tsoro. Lissafinsa yana da wuya, kuma ban san yaushe zan fara taimakon gida ba. Na gaya wa Yaya karatuna ba zai ɗaga farashin shinkafa ba. Amma kafin Gwaggo Asabe, abokiyar sana'arki ta layinmu, ta sake cika ɗakinta da buhuna, za ta samu wadda za ta tambaya. Da ya ji haka, sai ya ce in shirya, shi zai kai ni tasha.

Zan tafi, Umma. Shinkafarki tana da kyau har ranar ƙarshe. Ba hannunki ba ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki fiye da ruwan madatsar Tiga, Ya ba ni ilimin da zai amfani matan layinmu. Amin.

'Yarki mai yawan tambaya,
Rukayya