Na ɗauke robar da ƴata ta hana mahaifinta

Hajiya Kaltuma, don Allah ki ba ni shawara kafin Juma'a, domin abin ya fi ƙarfina.

Ni uwa ce a Birni, cikin Damagaram. Na yi lakwal, wato boko, har kwaleji, kuma ban taɓa sakaci da tarbiyya ba. Maigidana baduku ne, shekara biyu ke nan yana kwance da robar fitsari. Duk lokacin da aka sauya ta, ba a jimawa sai zazzaɓi ya rufe shi. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne ke manne wa robar, su yi mata kauri kamar gansakukar randa, har magani ya kasa ratsa su. A watan jiya sai da ya kasa gane ƙanensa.

To ga abin takaicin. Autarmu Fanta, wadda muka bari ta tafi karatun kimiyya a ƙasar waje duk da surutun dangi, aikinta ke nan. Tana haɗa wata irin roba mai riƙe laimar ruwa a jikinta, ta yi santsin da ƙwayoyin ba sa samun wurin kamawa. Ta zo hutu da guda uku a jakarta, za ta nuna wa Turawa a wani taro a Yamai. Da bakinta ta ce a ɗakin gwaji ƙwayoyin sun kasa zama a kai.

A gidan dukawa, abin da yaro ya fara ɗinkawa ba a kai shi kasuwa, uba ne ke fara amfani da shi, ya sa albarka. Haka yayyenta suka yi. Na ce ta ba mahaifinta ɗaya, yarinyar nan ta dubi idona ta ƙi, wai ba a gwada a jikin mutum ba. Shin Turawan da za ta nuna wa sun fi wanda ya haife ta? Ilimin da bai tsallaka zauren gidanku ba, ina amfaninsa? Na faɗa mata magana mai nauyi, na ce kada ta nemi albarkata. Ta tafi Yamai tana kuka, ban raka ta ko ƙofa ba.

Kafin ta tafi na zare ɗaya daga jakar, ba ta sani ba. Tana cikin adakata. Ranar Juma'a Kolo, ma'aikacin jinyar da ke sauya wa Malam roba, zai zo. Na yi niyyar miƙa masa in ce daga asibiti aka ba mu. Amma duk lokacin da na ɗauko ta sai in mayar. Me zan yi?

Uwa mai jiran Juma'a, Birni

Baiwar Allah, sannu da jinya, Allah ya ba ki lada.

Kada ki ba Kolo wannan roba. Wannan shi ne farko.

Na fahimce ki. Wadda ta ga mijinta ya kasa gane ƙanensa ba za a zarge ta don ta kai hannu ga abin da take zaton mafita ce ba, kuma al'adar gidanku mai kyau ce. Sai dai takalmi in ya matsa, cire shi ake yi. Abin da ya kwana cikin jikin maras lafiya kuwa, kafin ki gane ya yi ɓarna, ta riga ta auku. Robar da ke adakarki ta nuni ce. Ba a tsarkake ta don jikin mutum ba, ta sha hannu, kuma babu wanda ya san ko haɗin da ke korar ƙwayoyin zai tsiyaya cikin jini. Fanta ta san wannan. Ta zaɓi fushinki a kan ta yi caca da ran mahaifinta, kuma tarbiyyarki ce ta ba ta wannan ƙarfin. Ita ma tana da nata kuskuren, da ta zauna ta warware miki dalili a natse tun kafin rai ya ɓaci. Sannan ki tuna, yaudarar Kolo za ta ɗora masa alhakin da bai san ya ɗauka ba.

Ki kira Fanta yau, ki faɗa mata robar na wurinki, kada ta gano a gaban mutane. Ki janye maganar albarka da bakinki, ba ta hanyar ɗan aike ba. Ranar Juma'a a sa robar asibiti, ku tambayi likita ko za a riƙa sauyawa da wuri, a kuma auna fitsarin don a san maganin da ya dace. Ki sa Fanta a waya lokacin, ta san tambayoyin da ba ki sani ba, kuma a nan ne iliminta zai amfani mahaifinta yanzu.

Allah ya tashi kafaɗun Malam, ya sanyaya zuciyarki, ya sa muryarki ce Fanta za ta fara ji kafin ta tsaya gaban taron.

Hajiya Kaltuma