Tabarmar da Na Raba Biyu

Zuwa ga Fiddausiya, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan farko a kan jan dutsen Kaita. Gaisuwa mai yawa daga Yahuza, mai laifin da kika sani.

Yau kwana arba'in ba ki ɗaga wayata ba. Ban ga laifinki ba. Na ja da baya na dubi al'amarin yadda nake duban aikina idan ya bushe, kuma abin da na gani ba shi da kyau.

Kin san halina tun kafin ki so ni. Tun ina yaro a Tamaske nake tsince-tsince, har mahaifina ya fid da rai zan zama mutum. Ɓawon albasa, tsohon buhu, murfin gwangwani, jar ƙasa, toka: in jiƙa ƙaro in liƙa su a kan katako, in bi da fenti, sai mutanen Yamai su tsaya suna kaɗa kai, su kira shi tabulo, wato zane. Shekara goma sha biyu ke nan. Idona ya lalace, masoyiya. Duk abin da ya gani, lissafin inda zai liƙa shi yake yi.

Kin tuna ranar kasuwar Madawa da kika shigo shagona da tabarma naɗe a ka? Kika shimfiɗa, kika ce kin gaji da ganina zaune a kan bulo. Da hannunki kika rina kabar, mako biyar kina saƙa a Urno bayan aikin gida. Kai, wannan ja! Ko faɗuwar rana bayan ruwan sama ba ta kai shi ba. Ke kina kallona, ni ina kallon jan. Bayan kwana uku na sa almakashi na raba ta biyu, na liƙa rabi a tabulon da zan kai baje koli. Har hoto na aiko miki ina jiran yabo!

Da na je neman dalilin shirunki, gwaggonki Altine ko ruwa ba ta ba ni ba. Tambaya ɗaya ta yi min, ko na auna faɗin tabarmar kafin in yanka. Na auna mana, ni da ba na rabuwa da ma'auni. Na ga faɗinta ya fi na mutum ɗaya, ban tambayi kaina don me ba. Wane irin mai zane ne wannan, a shimfiɗa masa amsar auren da ya shekara yana roƙo, ya ɗauke ta kayan aiki?

Tabulon ya yi farin jini a Yamai. Wata mai gidan baje koli ta zaɓe shi za ta kai Dakar, abin da nake mafarki tun ina zane da gawayi a bangon makaranta. Ranar da za a naɗe shi na sa wuƙa na ɓamɓare rabin tabarmarki. Matar ta ce ba ta ɗaukar rami. Gaskiyarta. Na hau mota na dawo.

Na wanke ƙaron da ruwan ɗumi, na tafi Karofane wajen wani tsoho mai ɗinkin tabarmi. Ya miƙo min basilla, ya ƙi taɓawa, sai dai ya nuna da baki. Kwana tara na yi. Ɗinkin ya karkace, fentin bai fita duka ba, yatsuna duk huji.

Ina sonki, Fiddausiya, tauraruwar asubata, kuma kewarki ta hana ni jin daɗin abinci. Ba na roƙon ki ce aikin ya yi kyau, bai yi ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo ƙofar gidanku in shimfiɗa tabarmar, in zauna a gefe ɗaya. In ba ki fito ba, zan naɗe abina in dawo wata Juma'ar, ɗaya gefen kuwa ba wanda zai taɓa zama a kai. Sai dai ki sani, garin ɗinkin ta ragu da taƙi guda. In kin fito, sai kin ɗan matso.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe idon nan da ya yi miki laifi,
Yahuza