Sakamakon Da Na Ƙi Rubutawa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya jikin takwarata? Umma ta ce min haƙora ne suke wahalar da ita, Allah ya fito da su lafiya, ya raya mana ita. Mu ma nan alhamdu lillahi. Gwiwar Umma ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma yin salla a tsaye, sai dai hawan benen nan namu da har yanzu sai ta huta sau biyu kafin ta kai sama. Baba kuwa idon nan ne dai. Kullum yana zuwa shago, amma ƙananan agogunan mata yanzu mayar wa masu su yake yi, ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali na san ƙusoshin ne ba ya gani sosai. Don Allah kada ki nuna masa na gaya miki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, tunda ba ma rufa mako ba mu yi waya ba. To, a waya Umma tana gefena, kuma da zarar kin tambaye ni ya aiki sai bakina ya riga ni cewa lafiya lau. Yaya, ba lafiya lau ba ne. Yau shekara ɗaya da wata takwas ke nan da na karɓo takardar shaidata ta gwaje-gwajen asibiti, wadda kika sa aka yi wa firam aka rataye a falo, kuma har yanzu ban taɓa jin an kira ni ma'aikaciya da gaske ba. Babu asibitin da ban kai ambulan ba, manya da ƙanana. A babban asibitin nan mai koren ƙyaure har maigadi ya san ni, da ya hango ni sai ya miƙe ya sara min, ya ce da a ce zuwa kullum ake duba wa, da tuni an yi min ƙarin girma. Dariya nake yi masa don ba da mugunta yake faɗa ba. A wani wurin kuma na miƙa wa sakatariya takarduna, ta karɓa da fara'a, ta jefa su cikin wani kwali da aka tokare ƙofa da shi don kada iska ta rufe ta. Kwalin ya cika da ambulan irin nawa, har ya yi nauyin da zai iya riƙe ƙofa. Ko'ina maganar ɗaya ce, suna son wanda ya yi shekara uku yana aiki. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambayi wani jami'i inda mutum zai samo shekara ukun idan kowa ya ƙi ba shi ta farko, sai ya ce tambayata tana da kyau, ya kira na bayana.

Kin dai tuna murnar da na yi miki a waya wata huɗu da suka wuce. Wani ɗakin gwaji ne mai zaman kansa, a saman wani kantin magani, ɗaki biyu da ɗan baranda inda marasa lafiya suke zama a benci. Mai wurin ya ce in yi wata uku na gwaji, idan ya ga hannuna ya yi masa zai ɗauke ni. Yaya, ban taɓa son wani wuri kamar yadda na so ɗakin nan ba, duk da fankarsa mai ƙara da firij ɗin da sai an danna da gwiwa yake rufuwa. Ni nake fara zuwa, in goge tebur, in wanke gilasai, in share madubin duba jini da tsummansa na musamman, in jera kwalabe kowace a mazauninta. Ranar da na fara ɗibar jinin wata tsohuwa ta ce ko cizon sauro ya fi allurata zafi, sai da na shiga banɗaki na share hawaye. Baba kuwa duk layin shagunansu babu wanda bai gaya wa ba. Ya gyara min wani tsohon agogo mai hannun daƙiƙa, ya ce aikinmu da nasa ɗaya ne, duka ba sa son ganganci. Tun daga nan maƙwabtansa, daga tela har mai gyaran rediyo, suka koma kirana Likita.

A wata na biyu mai wurin ya kawo wata yarinya, 'yar ƙanwar matarsa, ya ce in riƙa nuna mata aiki. Ba ta karanci fannin ba, amma tana da ladabi, kuma ban ɓoye mata komai ba. Na koya mata yadda ake ɗaure hannu a nemo jijiya, da yadda ake shafa jini a gilashi, da yadda ake cike takardar sakamako. Ko kusa ban kawo komai a raina ba.

Saura kwana tara wa'adina ya cika abin ya faru. Wata mata ta hawo benen da yarinya goye a bayanta, 'yar kimanin shekara huɗu, ta yi girman goyo amma ba ta iya tsayuwa. Ta ce kwana tara ke nan zazzaɓi bai sauka ba, an sha magani iri biyu babu sauƙi, shi ne likita ya rubuta gwaji uku. Da na karɓi takardar na ga sunan Umma ne da yarinyar, har na tsokane ta na ce ashe uwata ce aka kawo min. Ko kuka ba ta yi ba da na soka mata allura, kallona kawai take yi, kuma wannan ya fi komai tayar min da hankali. Na duba jinin a madubi, na sake dubawa, babu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ɗaya. Sauran gwaji biyun kuwa sinadarinsu ya ƙare tun farkon mako, na kuma faɗa wa mai wurin har sau biyu. Na same shi a ofishinsa na yi masa bayani. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce in rubuta an ga zazzaɓin cizon sauro kaɗan, sauran biyun in sa komai daidai, ai a wannan lokacin kowane yaro abin da ke damunsa ke nan, kuma ko me na rubuta likita maganin da ya saba zai bayar. Na ce masa cikin ladabi ba zan iya rubuta abin da idona bai gani ba, gara a gaya wa matar ta je wani wuri. Ya dube ni ya ce shi shekararsa goma sha biyar a wannan aiki, kuma ba a mayar da mutum daga ƙofarsa. Ya zare takardar daga hannuna ya miƙa wa yarinyar da na koya wa aiki. Ta cike ta da kyakkyawan rubutu, yadda na nuna mata, ya buga hatimi.

Yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, don shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Ina tsaye a bakin ƙofa aka miƙa wa matar takardar. Ta gyara goyonta, ta juyo ta yi min godiya, ta ce Allah ya yi min albarka saboda hannuna ba shi da zafi. Daga inda nake zuwa inda take bai fi taku uku ba. Kalma shida ta isa, in ce mata kada ta yarda da takardar nan. Yaya, ban faɗa ba. Na ji saukarta a matakala ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin kwana taran da suka rage min, ina tuna fuskar Baba, har ƙarar takalminta ta ɓace. Na koma na ci gaba da wanke gilasai kamar babu abin da ya faru.

Shirun nawa ma bai tsinana min komai ba. Ranar da wata uku suka cika mai wurin ya kira ni, ya yaba min sosai, ya ce hannuna yana da kyau, amma ni mutum ce mai taurin kai, kuma ƙaramin wuri irin nasa yana bukatar wanda za a iya zama da shi. 'Yar ƙanwar matarsa ce a kujerata yanzu. Na roƙe shi ko takarda ya rubuta min cewa na yi aiki a wurinsa, ya ce in dawo wani makon, na koma sau uku ana ce min ya fita. Ba wannan ne yake cin raina ba. Da na faɗi gaskiya har ƙarshe aka kore ni, da na san abin da na saya da aikina. Da kuma na bi umarninsa na rubuta, da yanzu wataƙila ina da aiki. Ni kuwa na tsaya a tsakiya, na rasa aikin, ban kuma ceci kowa ba. Wani lokacin har ina kama kaina ina cewa da ma na rubuta kawai, tunda an rubuta ɗin dai, sai in ji tsoron kaina. Kafin in bar wurin na duba rajista, babu lambar waya, sunan unguwa kawai aka sa. Na je unguwar sau biyu ina tambayar masu shaguna da masu kantin magani ko sun san wata mata mai yarinya marar lafiya. Wani ya ce min a layinsu kaɗai akwai irinta biyar. Har yau ban san ko yarinyar nan ta tashi ba.

A gida cewa kawai na yi ba a ɗauke ni ba. Umma ta yi ta addu'a. Baba kuwa ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tambayi ko agogon yana tafiya daidai. Bai gaya wa maƙwabtansa ba, don haka har yanzu idan na kai masa abincin rana sai tela ya miƙo min hannu ya ce Likita ta duba masa jini, ni kuma in yi murmushi in wuce da sauri. Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne Auta. Kin san ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ya ma fi nawa. Da Umma ta yi mata maganar cike takardar shiga kwaleji sai ta ce ba za ta yi ba, ita ɗinki za ta koya, ba za ta ɓata shekara huɗu don ta dawo tana raba ambulan a ofisoshi ba. Ba ta san ina kicin ina ji ba. Da ta fito ta gan ni ta rikice, ta yi ta ba ni haƙuri tana cewa ba da ni take ba. Ni kuwa ban ga ƙarya a maganarta ba.

Gwaggo ta samo min wuri a shagon wata ƙawarta mai sayar da yadi, in riƙa awo da yanka da ninkewa. Ranar Asabar zan fara. Ban raina sana'a ba, kuma na gaji da zaman ɗaki ina sauraron ko waya za ta yi ƙara. Sai dai ina jin hannuna yana mantuwa. A cikin bas nakan samu kaina ina kallon hannuwan mutane ina neman inda jijiya take, wannan mai sauƙi ce, wancan sai an ɗaure sosai. Jiya na ɗauko littafina na makaranta, wani abu da nake iya faɗa ido rufe sai da na karanta shi sau biyu. Bana ma kwalejinmu ta yaye wasu ɗaliban, su ne sababbi, ni kuma na fara zama tsohuwar da ba ta taɓa aiki ba. Farar rigata na wanke ta na goge na sa a ƙasan akwati.

Abu uku nake roƙonki. Na farko, ki ɗan dakata da turo min tallan guraben aikin nan da kike gani. Na san ƙauna ce, amma kowanne sai na cike, kowanne sai na sa rai, kuma yanzu ba ni da ƙarfin sa rai. Na biyu, ki kira Auta ki yi mata magana, ke take jin maganarki, ni ba ni da bakin da zan ce mata karatu yana da amfani. Kada abin da ya same ni ya rufe mata hanya, wataƙila ita nata rabon daban ne. Na uku, ki gaya min gaskiya, ba lallashi ba, ko ya kamata Baba ya san dukan labarin. Rabinsa na farko zai sa ya yi alfahari da ni, amma ba zan iya ba shi rabi in ɓoye rabi ba.

Ki gaida min maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da mutanen da ya yi wa magana a kaina ko da ba a dace ba. Ki gaida surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya. Ki shafa min kan 'yan biyu, ki sumbatar min takwarata. Umma da Baba suna gaishe ku, Gwaggo ma ta ce a gaya miki ta yi fushi ba ki kira ta ba, Kawu da iyalinsa duk suna lafiya. Idan kin idar da salla kina yi mana addu'a kamar yadda kika saba, ki fara sa takwarar Umma kafin ki zo kaina. Ni aiki kawai na rasa.

Wassalam, taki har kullum,
Ƙanwarki mai bi miki