Ƙaryar da Na Yi wa Likitan Baba

Assalamu alaikum Anti, da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Ina aji biyar na sakandare a Dutsin-Ma, ba ni da yawan magana, shi ya sa na rubuto.

Baba ya yi shekaru da ciwon karkarwa. Ni ke riƙe masa kofin shayi, ni ke ba shi koko a baki, sau da yawa sai an rufe ƙofar makaranta nake isa. Bara 'yan'uwansa na Birchi suka haɗa hannu aka kai shi Indiya, aka sa masa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa da batir ƙarƙashin fatar ƙirji. Ya dawo hannunsa ya nutsu. Umma har sadakar waina ta yi.

Amma ni da nake zama kusa da shi na ga abin da ba su lura da shi ba. Zai ce, "Miƙo min..." sai ya tsaya yana kallon buta, kalmar ta ƙi zuwa. Aka yi masa albishir an haifa wa Yaya ɗa, ya ce "to", ya ci gaba da kallon bango. Sannan ni sunan mahaifiyarsa aka sa min, tun da aka haife ni bai taɓa furta shi ba, Inna yake ce min. Ran nan a gaban baƙi ya kira ni da sunan gatsau. Baffa, ƙaninsa, ya ce, "Malam, Indiyawan har kunyar suka haɗa suka cire?" Kowa ya yi dariya. Baba bai gane abin da ake wa dariya ba.

Likitan da ya yi masa aikin kan kira ta bidiyo daga Indiya, ni ke fassara. Ya tambaya ko kalmomi na ɓace wa Baba, ko halinsa ya canza. Ya ce in haka ne za a iya sake saita na'urar, sai dai karkarwar tana iya ɗan dawowa. Umma ta ce, "Me yake cewa?" Na ce, "Tambaya yake ko Baba na cin abinci." Na juya na ce wa likitan lafiya lau. Sau biyu ke nan ina yin haka.

Ba zan ce don Baba na yi ba. Kofin nan na tuna, da ƙofar makaranta. Wace irin 'ya ce ke yin haka? Kuma ko kuka ban yi ba. Ina cin abinci, ina zuwa aji, ba na jin komai.

Jiya ya daɗe yana kallona, leɓensa na motsi. Bai ce Inna ba, bai faɗi sunan ba. Ya ce, "Ke." Na amsa.

Ranar Asabar likitan zai sake kira, Umma za ta zauna a gefena. Me zan yi?